Gawayin Inna Tsahara

Kuran ya ɗauke tun la'asar a Birni.
Na hau dutsen bayan gidanmu
da kwamfuta mai sauran numfashi kaɗan
da aikin da Mushe Barmu ya ɗora mana:
ɗigo goma sha biyu, zare ya sarƙe su,
a rubuta umarnin da zai taka kowanne.

Ya ce: in kin shiga lungu kada ki waiga,
bi shi har bango ya taɓa goshinki.
Sannan ki ja da baya taki ɗaya,
ki duba ko kin wuce wata ƙofa.
Abin da kika aje ƙarshe shi za ki fara ɗauka,
kamar faifan da ke bisa tari.

Na rubuta. Na danna.
Ɗaya ta miƙa ni huɗu, huɗu ta miƙa ni bakwai,
bakwai ta maido ni ɗaya,
ɗaya, huɗu, bakwai, ɗaya,
akuya a turke tana cin igiyarta,
har tari ya yi tsawo ya kife,
allon ya cika da jan rubutu.

Can ƙasa, a tsakar gida,
Inna Tsahara na lissafin dangi.

Na san wannan muryar tun ina tatata.
In za a raba goron suna, ita ake kira.
Ba ta faɗin ƴaƴan Kyari majemi a jere.
Sai ta kama babban, Barma,
ta bi shi Zango, ta shiga ɗakin ɗiyarsa Gaptiya,
ta gangara wurin ɗan Gaptiya da ke tuƙin mota a Tanut,
har jinjirin da ba a yi wa aski ba.
Nan za ta ce, "To, bango,"
ta juyo a hankali,
gida gida, tana rufe ƙofofin da ta buɗe,
kafin ta taɓa ƙanen Barma.

Kuma akwai gawayi a hannunta.
Yanzu na tuna.
Gaptiya ɗan baffanta ta aura,
zumunci ya ciji wutsiyarsa,
hanya biyu na kaiwa ɗaki guda.
Duk sunan da ta faɗa sai ta ja layi a jikin rumbu:
"Wannan mun gaishe shi.
Ba a ba mutum goro sau biyu
ɗan'uwansa na zaune hannu wofi."

Layi ɗaya na ƙara a umarnina:
kafin ki shiga, duba ko da baƙin gawayi.
Na danna.
Sha biyu suka fito, kowa sau ɗaya,
kamar tulunan da aka jera a bakin famfo.
Na yi dariya ni kaɗai, ƙadangare ya gyaɗa kai.

Amma bana gawayin Inna ya ɓata.
Ba na jikin rumbu ba, na cikin kanta.
Takan kai Gaptiya, ta bi mijin Gaptiya,
ta hau zuwa Kyari,
ta sake sauko wa Barma kamar yau ta haife shi a baki.
Likita ya ce abin ba ya komowa.

Na rufe kwamfuta na sauko.
Na zauna a gefen tabarmarta.
Na san gyaran, layi ɗaya ne,
a can yana aiki.
A nan na ce, "Sai wa, Inna?"
Ta ce, "Sai Barma."
"Sai wa?"
Sau uku muka je Tanut kafin magariba.

A zagaye na huɗu ta kauce, ban san dalili ba,
ta bi wata ƙofa da ta daɗe a rufe,
ta faɗi sunan uwata, ta tsaya,
ta lalubo fuskata da yatsu masu sanyi.
"Ke ce Hadizan Gwamma?"
Na ce ni ce.
Ta ce, "To, bango."

Famfon unguwa ya fara tari a cikin duhu,
yara na gudu da jarkoki.
Ban tashi ba.
Hannunta na bisa goshina,
ba ta juya ba tukuna.